Bukukuwan Sallah A Zango: Mun Daɗe Muna Gardamar Kiɗa, Mun Mance Da Ƙofa

Duk shekara, da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, shirinmu na dare a gidan rediyo yakan sauya kama. Masu bugo waya sai su bar maganar tsadar shinkafa da teloli masu saɓa alkawari, su koma kan tambaya guda, wato shin ya halatta a yi kiɗa da rawa ranar Sallah ko kuwa bai halatta ba? Wannan ya bugo daga Nima ya ce haramun ne, wancan ya bugo daga Sukura ya ce ranar farin ciki ce a bar yara su sha iska, har lokaci ya ƙare ba a cimma matsaya ba. Shekara da shekaru muna karɓar irin wannan kira, amma ba za mu iya tuna ranar da wani uba ya bugo yana tambayar ƙofa nawa ce a wurin da ɗiyarsa za ta je wasan Sallah ba. Wannan shi ne abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan mako.

Sallar da muka tashi muka tarar

Ga mai karatu da bai san Accra ba, Sabon Zongo unguwa ce da Malam Bako, ɗan Malam Nenu, ya kafa wajen shekarar 1912, bayan da tsohon zangon da ke cikin gari ya yi wa jama'a kaɗan. Nima kuwa, wadda ke maƙwabtaka da Maamobi, ta taso ne a shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa. Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Yarbawa da Kotokoli da Mossi da Wangara da Dagomba duk suka taru, harshen Hausa ya zama shi ne igiyar da ta ɗaure su.

Mu da muka yi ƙuruciya a ƙarshen shekarun 1980, mun tashi ranar Sallah ba ranar hutu ba ce a Ghana. Sai dai uba ya rubuta wa malamin makaranta takarda, ma'aikaci kuma ya roƙi arziki a wurin aiki. Sai a tsakiyar shekarun 1990, zamanin mulkin Jerry Rawlings, aka mayar da ƙaramar Sallah da babba ranakun hutu na ƙasa baki ɗaya.

Amma duk da rashin hutun, Sallar tana da armashi. Idan aka sauko daga Idi, sarakuna su hau dawaki, makaɗa na biye, mu yara muna gudu a gefe da sababbin kaya masu ƙamshin shago. Daga nan sai yawon barka da Sallah gida-gida, a ci tuwo a nan, a ci wake da shinkafa a can, a cika aljihu da 'yan kuɗi da alewa. Da yamma 'yan mata su yi da'ira a bakin titi ana gumbe, iyayenmu mata na zaune a kan benci suna kallo, tsofaffi maza na ƙofar masallaci suna jiran magariba.

Abin da ba mu lura da shi ba a lokacin shi ne, wannan biki a fili ake yin sa, kuma a kan idon manya. Idan rigima ta tashi, kowane lungu hanyar fita ce. Idan yaro ya ɗauko rashin kunya, akwai wanda ya san ubansa a wurin, kallo ɗaya ya isa. Ba wanda ya taɓa zama ya tsara haka da sunan tsaro, amma tsaron ne.

Yadda fahimta ta sauya

A wancan lokaci galibin malaman Zango 'yan ɗariƙar Tijjaniyya ne, musamman tun bayan ziyarar da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ya kawo ƙasar nan a farkon shekarun 1950. Daga wannan gida ne Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ya fito, wanda ya zama Babban Limamin Ƙasa a 1993. Daga ƙarshen shekarun 1960 kuma ɗalibai suka fara dawowa daga Jami'ar Madina da wata fahimta, daga cikinsu akwai Alhaji Umar Ibrahim Imam wanda ya kafa karatu a Nima, har aka zo aka haɗu a ƙarƙashin inuwar Ahlus Sunna wal Jama'a a 1997. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 ba su manta da irin zafin da saɓanin ya yi ba, inda a wasu garuruwa har aka ba hammata iska, 'yan uwa na jini suka daina gaisawa. Alhamdu lillahi yanzu wutar ta lafa ƙwarai.

Ba mu zo nan don mu yanke hukunci tsakanin malamai ba, domin ba fagenmu ba ne. Abin da idonmu ya gani shi ne, gasar wa'azi tsakanin ɓangarorin biyu ta farkar da jama'a. Makarantun Islamiyya sun yawaita, matan aure sun koma karatu, masallatai na cika a tahajjud, matasa na tambayar hujja kafin su yi aiki. Mu kanmu mun sauya. Wanda a shekara ashirin ba ya barin wurin rawa sai asuba, yau shi ne ke tashin 'ya'yansa sallar asuba. A gida ɗaya za ka tarar da kaka mai wazifa, da ɗa wanda ba ya zuwa maulidi, da jika wanda malaminsa na cikin wayar salula.

Sai dai kuma akwai wani abu da ya biyo bayan wannan sauyi wanda ba mu cika faɗa ba. Da wa'azi ya yi ƙarfi a kan kiɗa da cakuɗuwar maza da mata, mutanen kirki suka janye daga bikin dare. Uwa ta ɗauke bencinta daga bakin titi, dattijo ya ce shi ba ruwansa. To amma yaran ba su janye ba. Zamani ya kawo kiɗan hiplife, kuma Nima ma ta fitar da nata gwanaye, irin su ƙungiyar VIP, waɗanda bikinsu na Sallah a kan titin Nima ya riƙa tara dubban mutane daga ko'ina cikin Accra. Ban da wannan babban taro, sai ƙananan wasanni suka yawaita a cikin dakunan taro da farfajiyar makarantu da gidaje masu katanga, inda ake biyan kuɗin shiga.

A nan gizo ke saƙar. Duk wurin da ake karɓar kuɗin shiga, mai wasa ba ya son ƙofa biyu, domin kada a shige masa kyauta. Sai ya garƙame sauran ƙofofin da kwaɗo, ya bar guda ɗaya, ita ma a buɗe rabi, ya sa ƙarti biyu a bakinta. Tikiti kuwa ana sayarwa muddin akwai mai miƙo kuɗi. Wato taron da muka ƙi kallo bai watse ba, tashi ya yi daga fili ya shiga cikin katanga, daga yamma ya koma tsakar dare, daga idon iyaye ya koma hannun mai neman riba.

Daren Asawase

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Yulin 2016, a daren ƙaramar Sallah, matasa suka cika cibiyar taron jama'a ta Asawase a Kumasi domin wasan Sallah. Cikin dare hatsaniya ta tashi, jama'a suka yi rububin fita a lokaci guda, hanya ta yi kaɗan. Mutum 9 suka rasu, shida mata, uku maza. Asawase zango ne kamar namu, yaran nan sun yi azumi kamar namu, da safe sun je Idi da sababbin kaya, washegari aka yi musu sutura.

Abin da ya fi damun mu a kwanakin da suka biyo baya shi ne irin maganganun da muka riƙa ji a majalisu, har da wasu masu bugo mana waya, cewa wai sakayya ce, wa ya aike su. Ko shakka babu, ajali idan ya yi kira babu makawa. Amma wanda ya tsaya a kan cewa zunubin rawa ne ya kashe su, ya wanke mai kwaɗon ke nan, ya kuma ba shi damar sake garƙame ƙofa baɗi.

Domin kuwa turmutsitsi ba ya tambayar abin da ya tara mutane. Mu mutanen Accra mun fi kowa sanin haka. Ranar Laraba 9 ga Mayu 2001, a filin wasa na Accra, Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko biyu da ɗaya, 'yan kallo suka fara jifa da kujeru, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin jama'a, mutane suka kwararo kan matattakala suka tarar da ƙofofi a rufe. Sama da mutum 120 suka mutu, kuma da yawa daga cikinsu 'ya'yan Zango ne. Mun ga yadda aka riƙa jera makara, mun kuma ga fushin da ya sa matasan Nima suka yi wa ofishin 'yan sanda tsinke a kwanakin. Kwamitin bincike na Sam Okudzeto ya ɗora laifi a kan matakin da 'yan sanda suka ɗauka, aka gurfanar da jami'ai shida, daga baya kotu ta sallame su.

A watan Mayun 2013, mutum 4 suka mutu a wani coci da ke kan titin Spintex wajen rububin ruwan addu'a. A watan Nuwamban 2025, matasa 6 suka rasu a filin El-Wak, nan kusa da Nima, wajen neman shiga aikin soja. A Nijeriya, cikin Disambar 2024, yara 35 suka mutu a Ibadan a wani bikin rabon kyauta. Kai, hatta a Mina, ranar 24 ga Satumba 2015, alhazai sanye da harami suna hanyar jifan Shaiɗan, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 769 suka rasu, ƙidayar da kafafen labarai suka haɗa daga ƙasashe kuwa ta haura 2,000. Ɗan ƙwallo da mai neman aiki da mai ibada, duk abu guda ya ci su, wato mutane sun fi ƙarfin wuri, hanyar fita ta yi ƙunci, kuma babu mai iko da taron a lokacin da abin ya fara.

Yadda turmutsitsi ke kisa

Da yawanmu muna zaton tattake mutum ake yi har ya mutu. Hakan na faruwa, amma masana harkar taro sun nuna cewa mafi yawa numfashi ne ke gagarar su, wasu ma a tsaye suke cikawa. Idan mutum shida ko fiye suka matsu a murabba'in mita ɗaya, wato wuri kamar dardumar sallah da ɗan ɗoriya, to ba wanda ke tafiya da ƙafarsa kuma, taron ne ke ɗaukarsa kamar ruwa. Ƙirji ya matse, ya fitar da iska ya kasa jawo wata, cikin 'yan mintoci mutum ya suma. Na baya kuma bai san abin da ke faruwa a gaba ba, shi dai turawa yake yi don ya ga ba a motsi. Shi ya sa mata da yara suka fi shiga haɗari, saboda ƙarancin tsawo da ƙarfi.

Mun taɓa ɗanɗana wannan da kanmu. Wata babbar Sallah mun je ɗauko rahoto a wani wasa da aka yi cikin wata farfajiya mai katanga a nan yankinmu. Ana cikin kiɗa aka ɗauke wuta, wani ya yi ihun an zaro wuƙa, nan take kowa ya nufi ƙofa. Mun ji ƙafarmu ta bar ƙasa, na'urar ɗaukar magana ta nutse a ƙirjinmu, muna jin wata yarinya a gabanmu tana kiran uwarta da muryar da ke ƙara yin ƙasa. Allah Ya taimaka wani mai sayar da tsire a waje ya ɗauko guduma ya fasa kwaɗon ƙofar baya. Ba a rasa rai ba, saboda haka ba jaridar da ta buga, mu ma a rediyo sai muka ba da labarin kamar abin dariya. Yau idan muka tuna, kunya ke kama mu.

Mu duba namu tarukan

Kada masu zuwa masallaci su ce wannan matsalar 'yan rawa ce. Mu dubi tarukanmu na addini da idon basira. A ranar rufe tafsiri, ko daren ashirin da bakwai, ko maulidin da ake yi a Fadama wanda ke jawo baƙi har daga ƙasashen maƙwabta, ko Idi a filin Independence Square, ko Juma'a a Babban Masallacin Ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021 mai ɗaukar mutum wajen 15,000, jama'a ce ke haɗuwa maƙil. Manyan wuraren nan suna da fili da jami'an tsaro. To ƙananan masallatanmu na unguwa fa?

Sau da yawa ɓangaren mata yana sama, matattakala ɗaya ce siririya, ga takalma jibge a ƙasanta, ga babura an jere a bakin ƙofa, ga masu talla sun kafa tebura. Idan wayar lantarki ta yi tartsatsi a irin wannan wuri, ta ina iyayenmu za su bi? Haka nan rabon zakka da shinkafar azumi. Mai kuɗi ko ɗan siyasa ya sa a yi shela, mabuƙata su yi dafifi a ƙofar gida tun asuba, a buɗe ƙofa ɗaya a ce a shigo. Niyya mai kyau ce, amma tsarin na iya jawo makoki. Ga kuma lungunan Nima da Maamobi da Sabon Zongo, waɗanda da yawansu mota ba ta shiga. Asibitin Korle Bu na kusa da mu, na Maamobi da na sojoji na 37 na kusa da Nima, amma kusancin ba shi da amfani idan an toshe titi da rumfuna da kujeru babu inda motar asibiti za ta bi.

Sai kuma rana tsaka, lokacin hawa. Doki dabba ce mai firgita, ga samari na wasa da babura a tsakiyar jama'a, ana ɗaga ƙafar gaba ana tayar da ƙura, yara ƙanana na tsallaka titi. Kusan kowace Sallah sai 'yan sanda da limamai sun yi gargaɗi a kan wannan, kuma kusan kowace Sallah sai an kai wani asibiti.

Abin da ya rage mana

Malamanmu na kowane ɓangare sun karantar da mu cewa kare rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo domin su. A kan wannan babu Tijjani babu Ahlus Sunna. Mun kuma ga shaida a 2020, lokacin cutar korona, da aka rufe masallatai, shugabannin addini suka haɗa baki suka ce a yi Sallah a gida, jama'a kuma suka bi duk da zafin abin a zuciya. Idan mun iya haƙura da filin Idi domin kare rai, buɗe ƙofa ba zai gagare mu ba.

Dokar ƙasa ma ta tanadi wani abu. Dokar kiyaye zaman lafiya a tarukan jama'a ta 1994, mai lamba 491, ta wajabta wa mai shirya taro a bainar jama'a ya sanar da 'yan sanda aƙalla kwana biyar kafin ranar. Amma takarda kaɗai ba ta buɗe ƙofa. Shawararmu ita ce, kowace unguwa, a ƙarƙashin sarkinta da limamanta da ɗan majalisar gundumarta, ta kafa kwamitin Sallah tun azumi na tsakiya. Duk mai shirya wasa ko wa'azi ko rabo ya zo ya faɗi wurin da adadin mutanen da wurin ke ɗauka. A je a gani da ido: ƙofa aƙalla biyu, babu kwaɗo muddin akwai mutane a ciki, akwai fitilar da za ta kama idan an ɗauke wuta, akwai wanda ke ƙirga masu shiga kuma yana da ikon cewa ya isa. A bar hanya guda a titi domin motar asibiti, kowa kuma ya riƙe lambar gaggawa ta 112. Masu rabon zakka su bi gida-gida, ko su ba da kati a zo rukuni-rukuni. 'Yan agajin da muke gani da kaki a wurin maulidi da wa'azi, a ba su horo, a kuma roƙe su su taimaka har a wuraren da ba nasu ba.

Mun san wani zai ce, idan malami ko dattijo ya je duba ƙofar wurin rawa, ai ya amince da rawar ke nan. Muna ganin ba haka ba ne. Likita na ɗinke wanda ya faɗi a babur ko da ganganci ya yi. Malam ya ci gaba da wa'azinsa a kan mumbari yadda ya fahimta, amma yaron da ya dawo gida da rai shi ne zai ji wa'azin gobe. Mu da muke rubutun nan shaida ne, domin da an bar mu a bakin waccan ƙofa, da ba mu kai shekarun da muka gane abin da muka gane ba.

Ga matasa kuma, 'yan uwa, idan kun shiga wuri ku fara duba ta ina za ku fita. Idan kun ji ana matsa ku ta kowane gefe har ba ku iya ɗaga hannu, lokacin fita ya yi, kada ku jira. Idan abin ya riga ya rincaɓe, ku ɗaga hannuwa ku kare ƙirji kamar ɗan dambe, kada ku sunkuya ɗaukar waya ko takalmi, kada ku yi gaba da taron, ku riƙa zamewa gefe-gefe har ku kai baki. Wanda ya faɗi a yi maza a ɗaga shi.

Iyaye kuma, mun san da wuya a tsare saurayi ko budurwa a ɗaki daren Sallah. Idan kun hana sun ji, madalla. Idan kun san za su fita, to ku tambayi inda za su, da wanda ya shirya, da lokacin dawowa, in da hali wani babba ya leƙa wurin tun da rana. A 2025 majalisar dokoki ta ƙara wa Musulmi kwana guda na hutu bayan ƙaramar Sallah, ma'ana bikin zai ƙara tsawo, taron zai ƙara yawa. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani.

Mu a namu ɓangaren mun ɗauki alkawari. Daga bana, duk mai shirya wasa ko taro da ya kawo mana sanarwa a gidan rediyo, kafin mu karanta sai ya gaya mana ƙofa nawa wurin ke da ita da mutum nawa yake ɗauka, kuma za mu faɗa wa masu saurare abin da ya ce. Masu bugo waya kuma muna maraba da gardamarku ta kiɗa kamar kullum, amma ku sa ran za mu tambaye ku ko kun san inda 'ya'yanku za su kwana.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a Asawase da filin wasa na Accra da Mina da sauran wurare, Ya ba iyalansu haƙuri. Allah Ya nuna mana Sallah lafiya, Ya sa mu ƙirga 'ya'yanmu da safe mu tarar sun cika, amin.